Shin an taɓa ƙera jirgin horo na Mako kuwa?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum. A wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin Babbar Kasuwa na sayi wata mujallar jiragen sama da bangonta ya yage, na ga hoton wani jirgin horar da matuƙan yaƙi mai suna Mako, na kamfanin EADS na Turai. Ƙirarsa ta burge ni ƙwarai, amma ban taɓa jin ƙasar da ta mallake shi ba. Ina labarinsa ya tsaya?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da ka gani siffa ce kawai ta baje koli, domin Mako bai taɓa ɗagawa daga ƙasa ba. Kamfanin DASA na Jamus ne ya faro shi da sunan AT-2000, kafin ya shiga cikin EADS a shekarar 2000. An tsara masa inji guda, F414 na General Electric, da nufin ya zarce saurin sauti, ya yi horo kuma ya ɗauki makamai. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sa hannu kan takardar fahimtar juna a 1999, sai dai takardar fahimta ba oda ba ce, kuma babu gwamnatin da ta yarda ta ɗauki nauyin ƙera na gwaji.

Mai Lissafi:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a ganina tushen matsalar yana cikin tsarin kansa. Jirgin horo yakan tashi sau da yawa a yini, ɗalibi ya buga tayoyinsa da ƙasa, a zuba mai, wani ya hau. Saboda haka kuɗin kowace awa a sama shi ne abin da rundunoni ke fara dubawa. Mako ya yi wa wannan aiki girma da tsada. Yana nan a takarda jirgin horo T-50 na Koriya ta Kudu ya tashi a 2002, M-346 na Italiya ya biyo baya a 2004, wanda Nijeriya ma ta yi odar guda 24 daga cikinsa.

Tsohon Makaniki:
Ban musa ba. Ka tuna mini da Air Beetle da aka harhaɗa guda 60 a nan Kaduna bisa tsarin RV-6A na Amurka. Ɗan ƙarami ne mai farfela, kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa, amma mu mazauna Mando mun sha jin ƙugin injinsa da sassafe yana kewaya sansanin sojojin sama.

Ɗan Kawo:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Zan buɗe wata tambayar a kan Air Beetle ɗin.