Post-punk da Hausa: magajin pank ko kiɗan kufai?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina rubutu kan Joy Division, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, sai na zo kan kalmar post-punk, sunan salon kiɗansu da ya biyo bayan kiɗan punk, na cije.

2/ "Bayan-fank" ne ya fara zo mini, na yar da shi. Bakinmu ba ya raba p da f, don haka punk da funk duk fank za su koma, alhali tsakanin funk, kiɗan su James Brown, da wannan akwai tafiyar kwana da kwanaki. Ƙanena ma da ya ji, cewa ya yi: "Yaya, fanke kuma?"

3/ Wani malamina ya ce "magajin pank", a bar p ɗin a rubuce. Tarihi yana bayansa. Ranar 4 ga Yuni 1976 Sex Pistols, mawaƙan pank, suka yi wasa a Manchester, Bernard Sumner da Peter Hook, samarin Salford kusa da Manchester da za su kafa Joy Division, suna cikin 'yan kallo. Hook ya ranci kuɗi wurin mahaifiyarsa ya sayi jitar bes. Daga baya Ian Curtis ya shigo da murya, Stephen Morris da ganguna. Gidan pank suka gada, amma ba su ɗauko halinsa na ihu da gaggawa ba.

4/ Sai dai, Malam, a gafarce ni, magaji asali yake faɗa, bai faɗi abin da kunne ke ji ba. Sa kundinsu na 1979, Unknown Pleasures, da dare. Bes ɗin da aka saba ji can ƙasa yana gurnani, Hook ya hau da shi sama, shi ke jan waƙar. Furodusansu Martin Hannett ya ware gangunan, kowace ta yi ƙara ita kaɗai, ya sa musu amsa-kuwwa, har ƙarar fashewar gilashi ya cusa. Kowane bugu sai ka ji kamar a wani ƙaton ɗaki da aka kwashe kayansa aka yi shi. Muryar Curtis kuwa mai kauri ce, a sanyaye, kamar mai sanar da rasuwa.

5/ An ba ni "kiɗan duhu". Ban karɓa ba. Bahaushe ya ji duhu, ko jahilci zai kawo a ransa ko tsafi.

6/ Ni dai "kiɗan kufai" ya kwanta mini. Kufai wuri ne da aka taɓa zama, aka tashi, bango na nan, mutane babu. Manchester ta lokacin haka take, masaƙun auduga sun mutu sun bar gine-gine wayam. Wanda ya ratsa Kakuri a Kaduna bayan rufe masaƙu ya san irin shirun. Kuma kalmar ta ɗauki ƙarshen labarin: Curtis, da ke fama da farfaɗiya, ya kashe kansa ranar 18 ga Mayu 1980 yana ɗan shekara 23, ana gab da tafiyarsu ta farko Amurka. Kundinsu na biyu, Closer, ya fito bayan wata biyu, sauran ukun suka zama ƙungiyar New Order.

7/ Na sani ba duk post-punk ne kufai ba, ƙungiyar Talking Heads ta Amurka rawa ake yi da nasu. To na raba gardama: babbar rumfar ta zama magajin pank, reshen su Joy Division kiɗan kufai. Haka zan sa a rubutun, sai in wani ya kawo wadda ta fi kafin Juma'a.