Filin bayan ɗakunanmu ya koma inuwa, me zan shuka?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. A Hotoro nake, cikin Kano. Akwai ɗan fili a bayan ɗakunanmu, taku goma a tsawo, huɗu a faɗi. Da can a nan nake shuka tumatir da alayyahu, har maƙwabta na aiko yara su tsinka. Bara aka tayar da bene kudu da mu, ga kuma mangwaron da marigayi surukina ya dasa a kusurwa, wanda maigida ya ce ba mai sare shi. Yanzu rana sai wajen ƙarfe 11 take leƙowa, kafin a kira azahar ta tafi. Tumatir ɗin bana ya yi ta miƙewa siriri kamar tsinken tsintsiya, fure ya zube, ko ɗa guda ban tsinka ba. Raina ba ya son in ga wurin nan fayau. Me zai yi a inuwa?

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki haƙura da tumatir, tattasai da attaruhu, waɗannan sai sun sha rana aƙalla awa 6. Ki koma kan citta, kurkum da gwaza. Citta na jure inuwa sosai. Ki nemi ɗanya mai ido, irin ta Kachia, ki gutsuttsura, ki binne da faɗuwar damina. Sai ta yi wata 8 zuwa 9, in ganye ya bushe ki tone. Amma kada ki sa a ƙasa kusa da mangwaron nan, saiwarsa za ta shanye ruwa da takin. Buhu za ki cika da ƙasa, yashi da ruɓaɓɓen kashin awaki, ki huda gindinsa, ki ɗora kan bulo saboda gara.

Uwargida:
Yar'uwa, tunda benen na kudu ne, kar ki yanke hukunci da abin da kika gani lokacin sanyi. A watan Disamba rana kudu take karkata, shi ya sa ya tare ta. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta a Kano tana bi ta saman kai, har ta ɗan gota arewa, za ki ga hasken ya ƙaru. Alayyahunki zai iya yi da damina. Ni na shafa wa katangata farin fenti, wurin ya washe. Na'a-na'a kuwa a tsohon baho na sa ta, don in ta samu ƙasa mamaye ko'ina take yi.

Maman 'Yan Biyu:
Allah Ya saka muku da alheri. Ɗazu na fita na duba, ashe saiwar mangwaron ta kai har bakin rariya. Buhunan shinkafa huɗu gare ni, da su zan fara. Malam Mai Lambu, in an gama cin 'ya'yan bana, rage rassan da suka rufe tsakiya zai cutar da bishiyar? In ba zai yi ba, ina ganin maigida zai yarda da wannan.