Wai a Japan an karɓi masu neman jinsi hannu bibbiyu? Yadda aka kaya a zauren mazauna can

Sabon Zuwa (Chiba): Assalamu alaikum manyanmu. Ni dai abin da na gani tun zuwana, mutanen ƙasar nan ba ruwansu da batun masu neman jinsi. Ka kunna talabijin da daddare, ga Matsuko Deluxe, ƙaton namiji cikin doguwar riga da kwalliya, yana gasa wa baƙinsa magana, kowa na sheƙa dariya. Har tallan manyan kamfanoni yake yi. Babu dokar da ta hana, babu mai jifan wani. Ina ganin an karɓe su hannu bibbiyu.

Mai Gwanjon Mota (Saitama): Wa alaikumus salam. Yaron nan ya faɗi gaskiya. Ni addinina ya riga ya faɗa mini matsayina, ba shi muke tattaunawa ba. Amma duk wanda ya san Shinjuku a Tokyo ya san unguwar Ni-chome: ɗaruruwan ƙananan mashaya na masu neman jinsi a 'yan layuka kaɗan, wata ma mutum takwas sun cika ta. Kowace shekara suna jerin gwano a Shibuya, 'yan sanda na tare musu hanya. Me ya rage?

Anti Nas (Nagoya): Alhaji, abin da ya rage da yawa. Ƙanena Sabon Zuwa, talabijin ka gani, ba ka ga wurin aiki ba tukuna. Akwai wani abokin aikinmu, mutumin kirki, ya daɗe suna zaune gida ɗaya da wani namiji. A wurin aiki kuwa yana da "budurwa" a Hokkaido. Ya zaɓi Hokkaido ne saboda nisa, kada a ce ya kawo ta a gaisa. Duk liyafar bayan aiki sai manya sun tambayi lafiyarta, shi kuma ya ƙaro labari: ta canza aiki, mahaifiyarta ba lafiya, dusar ƙanƙara ta hana jirgi tashi. Da aka matsa masa da zancen ranar aure, sai ya zo da fuska a murtuke ya ce sun rabu. Har ta'aziyya aka yi masa, shugabanmu ya biya masa kuɗin abinci. Da ya ba ni labarin asalin abin, mun yi dariya har da hawaye. Amma ku tambayi kanku, wanda aka karɓa me zai kai shi ƙirƙiro mace?

Mai Gwanjon Mota (Saitama): Hajiya, ai wannan halin Japanawa ne gaba ɗaya. Ko mai mata da 'ya'ya ba ya zuba sirrin gidansa a ofis.

Anti Nas (Nagoya): Mai mata ba ya ɓoye cewa yana da mata, Alhaji. Zobe ne a hannunsa, kuma wurare da dama har alawus na iyali ake ba shi.

Malam Tafinta (Tokyo): Bari in sa baki ta ɓangaren doka. A cikin ƙasashen G7, ƙungiyar manyan ƙasashe bakwai masu arziki, Japan ce kaɗai ba ta amince da irin wannan zama ba a matakin ƙasa, ko da sunan aure ko da wani suna. Abin da ake da shi takardar shaida ce ta ƙananan hukumomi. Shibuya da Setagaya suka fara bayarwa a 2015, gwamnatin Tokyo ta bi sahu a 2022. Takardar tana taimakawa wajen gidajen haya na hukuma da wasu asibitoci, amma ba ta ba da gado, ba ta ba da sassaucin harajin ma'aurata. Sashe na 24 na kundin tsarin mulki ya yi maganar yardar "jinsi biyu", kuma a kansa ake ta ja-in-ja a kotu. Kotun Sapporo ta ce a 2021 hana su aure ya saɓa wa tsarin mulki, babbar kotun can ta ƙara tabbatarwa a 2024. Majalisa kuwa abin da ta yi a 2023 dokar "ƙara fahimta" ce, wadda ba ta tanadi hukunci ga wanda ya nuna wariya ba. A shekarar ne ma Firaminista Kishida ya kori hadiminsa Masayoshi Arai, bayan ya ce ba ya son maƙwabtaka da su, ba ya son ko ganinsu.

Mai Gwanjon Mota (Saitama): To ka gani, Malam. An kore shi. Wannan ai hujjata ce, ba taka ba.

Malam Tafinta (Tokyo): Taka ce rabi. Rabin kuma, mutum mai zama kusa da firaminista ya ji zai iya faɗa a gaban 'yan jarida.

Ɗan Makaranta (Sendai): Yayyena ku ba ni dama. Mu fa bai kamata dariyar talabijin ta ruɗe mu ba, don mun san irinta a gida. Wa bai taɓa dariyar habaicin ɗan daudu ba, a gidan biki ko wajen sayen abinci a tasha? Ana jin daɗin bakinsu, ana cin girkinsu, ana kwaikwayonsu a finafinai. Amma ranar da aka ce ɗan gidanku ne, dariya ta ƙare. Ban ce kowane ɗan daudu mai neman maza ba ne, kamar yadda ba kowane mai neman jinsi a nan ke shiga irin ta Matsuko ba. Yawancinsu kwat da jaka ne, su muke matsatsi da su a jirgin ƙasa da safe. Shi wannan ba shi da gurbi a wasan dariyar.

Sabon Zuwa (Chiba): Amma Yaya, a gida dokar 2014 shekara 14 ta yanka wa auren jinsi. A nan ko kallon banza ba a yi wa mutum.

Ɗan Makaranta (Sendai): Ba wanda ya ce daidai suke, tazarar tana da girma. A nan ba a kama ka, ba a dukanka. Abin da ake tsoro shi ne tonon asiri. A 2015 wani ɗalibin lauya a Jami'ar Hitotsubashi ya rasa ransa bayan abokin karatunsa ya fallasa shi a zaurensu na manhajar hira ta LINE. Bayan haka birnin Kunitachi, inda jami'ar take, ya sa haramcin irin wannan fallasa a dokarsa a 2018, lardin Mie ya yi haka a 2021. Ba a yi wa abin da ba ya cutarwa doka.

Malam Tafinta (Tokyo): Sai dai kada mu mayar da dariyar duka ta zama zalunci. A mashayun Ni-chome mai wurin, wanda ake kira mama ko da namiji ne, sana'arsa baki ce. Ya san kowa, ya san kwalbar kowa da sunansa a jiki, ya yi wa wannan shaguɓe, ya haɗa wancan da wancan hira. Dariyarsu ce, su suka ƙirƙire ta, junansu suke yi wa. Matsuko ma ba abin dariya ba ne, shi ke dariyar mutane, kuma ana jin tsoron harshensa. Wanda aka ƙi shi ne irin na 2017, da Fuji TV ta dawo da wani tsohon wasa na ɗan barkwanci da ke kwaikwayon mai neman maza don izgili. Shekaru talatin baya an sha dariya da shi, wannan karon aka yi caa har shugaban gidan ya ba da haƙuri.

Mai Gwanjon Mota (Saitama): Wato suna canzawa. Ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Anti Nas (Nagoya): A'a Alhaji, cewa kuka yi an karɓe su, ba ana canzawa ba. Ka je wajen dillalin gidaje ka ce maza biyu ne za su kama ɗaki ɗaya, ka ga yadda zai ja iska ta haƙora ya ce "da ɗan wuya". Kai da kake baƙo ka san wannan jan iskar, an yi maka ita.

Mai Gwanjon Mota (Saitama): An yi mini kam, ba sau ɗaya ba. Amma ni ban ƙirƙiro mata a Hokkaido ba, tawa tana Kano.

Anti Nas (Nagoya): Ita ma Japanawan ba su taɓa ganinta ba, ka sani ko suna zarginka.