Jama'a me za mu kira "open carry" da Hausa?

Salam 'yan uwa, don Allah masana Hausa ku matso. Jiya na shiga wani shagon sayar da kayan gini nan Houston ta jihar Texas a Amurka, mutumin da ke gabana a layi fistol ce maƙale a ƙugunsa cikin kube, yana ta lissafin kuɗin ƙusa hankalinsa kwance, ba ɗan sanda ba ne ba soja ba. Da na kira yayana zan ba shi labari sai na tsaya ina ta kame-kame don na rasa kalmar, su a nan open carry suke cewa, kishiyarta kuma concealed carry wato bindigar na jikinka amma riga ta rufe ta.

Kuma fa abin rigima ne tsakanin masu bindigar su kansu. Masu fitowa da ita fili suna cewa haƙƙinsu ne tun gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791, ɓarawo in ya hango ta zai canza hanya, kuma zarowa ta fi sauri in babu riga a kai. Masu ɓoyewa kuma suna cewa ai kai za a fara harbewa, ko wani ya zo ta baya ya fizge, ga tsorata mata da yara a banza har masu shaguna su fusata su hana kowa. A 2013 Starbucks mai shagunan kofi ta roƙi mutane su daina shigo mata da bindiga, a 2014 da wasu 'yan Texas suka riƙa shiga gidajen abinci da dogayen bindigogi ita kanta NRA, babbar ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, sai da ta ce abin ya yi banbaraƙwai, daga baya mambobi suka yi mata ca ta janye maganar. Texas ta halatta fito da fistol a fili daga Janairun 2016 ga mai lasisi, a Satumban 2021 aka cire ma sharaɗin lasisin.

To ga abin da aka kawo zuwa yanzu.

Wani ya ce "mallakar bindiga", a'a wlh wannan daban, kana iya mallaka ta kwana a akwati shekara goma. Wani ya ce "riƙe bindiga a bainar jama'a", matsalar riƙe hannu take nunawa, alhali fistol a dokar Texas sai tana cikin kube, ka zaro ta kana nuna mutane wannan laifi ne mai zaman kansa. "Saɓa bindiga" ta yi daɗin baki amma ta maharba ce, doguwa ake saɓawa a kafaɗa, wa ya taɓa saɓa fistol?

Ni da farko "ratayen fili" na kawo, tunda muna cewa ya rataya takobi, sai wata baiwar Allah ta rubuto wai ita da ta karanta ta ɗauka hukuncin kisa za a zartar a filin idi. Na yi dariya na janye, gaskiyarta.

Sai wani dattijo da ya ce ya daɗe yana fassarar labarai ya tuna mana ɗamara. Ya ce ai kullum a rediyo kuna jin "kwance ɗamarar makamai", to wanda bai kwance ba yana cikin ɗamara kenan, kuma kalmar ba ruwanta da doguwa ce ko gajera, a kafaɗa take ko a ƙugu, sannan ba ta yabi mai yi ba ba ta zage shi ba, wanda shi ne abin da nake nema tunda mutanen ba su daidaita ba. Akwai wanda ya yi ƙorafin ɗamara tana kawo kaki a rai, haka ne, amma mafarauci ma ɗamara yake yi, ɗan dambe ma haka.

Don haka ni dai na tsaya a "ɗamarar fili" da "ɗamarar ɓoye". Na gwada a jumla, Kalifoniya ta hana ɗamarar fili da bindiga mai harsashi a 1967 bayan 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther sun shiga majalisar jihar a Sacramento da bindigoginsu, Ronald Reagan ne gwamna ya sa hannu. Ta zauna daram. Saura permitless carry, wato ɗaukar bindiga ba tare da lasisi ba, wanda ke da ita ya ajiye mana a ƙasa.