Me ya sa kullum Bafulatani ne wawan shiri?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Don Allah ina da tambaya, ni mayen kallon Arewa24 ne da shirye-shiryen YouTube, amma abu ɗaya na damuna, duk sanda aka sako Bafulatani sai ka ga ɗan Kano ne aka ɗaura wa sanda yana gwamutsa Hausa a yi dariya, Ibo kuma kullum mai shagon sifiya. Babu 'yan wasa ne cikinsu?

Maman Ilham:
Wallahi ɗan'uwa ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mijina Bafulatani ne, malamin makaranta, yarana in sun ga haka shiru suke yi, abin na min ciwo sosai.

Baban Sabon Gari:
A yi adalci dai, Daɗin Kowa ya yi ƙoƙari, ya nuna Kirista da Musulmi suna zaman maƙwabtaka. Mu nan an haife mu a Kano, Hausarmu ras, a zo a ɗauke mu mana.

'Yar Gwale:
Makafi da guragu fa? Kullum bara, kuma mai ido ne ke rufe idonsa ya taka rawar. Furodusoshi ku nemo su don Allah.