Maƙoƙon Baba da dosiyen pansiyon: a yi aiki ko a jira komisiyon?

Ɗan Ader: Salamu alaikum jama'a, shawara nike nema ga waɗanda sunka san harkar tsohin soji. Babanmu ajudan ne ya yi ritaya, maƙoƙo ya hito mai tun yana Difa bai kula ba, yanzu wuya ya kumbura, gaba na hwaɗuwa, ya rame, ko cikin ɗari zuhwa yake. Mun kai dosiye a ba shi pansiyon na rashin lahiya sunka maido wai ba aikin soja ya jawo ciwon ba. Likita nan Tawa ya ce aiki za a yi, kawunmu kuma ya ce in an cire mi za a gwada ma komisiyon da ka duba dosiyen? To mu yi aikin ko mu tahi Yamai neman a sake duba dosiye tukun? Kuɗɗin ba su isa duka biyu.

Hajiya Ta Sabon Gari: Allah ba shi lahiya. Ku canza gishiri ɗana, mai iyod za ku saye, na buhu da ake aunawa shi ka kawo maƙoƙo.

Sarjan Tsoho: Yaro bari in gaya maka. Ni ciwon ga ya kama ni ina bakin aiki can arewa, na tahi inhirmari anka ba ni ƙwayoyi anka ce gajiya ce, ba wanda ya rubuta komi cikin rajista. Ranar da na tsaya gaban komisiyon mai galo ya buɗe karnena ya juya shahi biyu ya ce ina shaida ta ke? Na ce ga ta a wuyana mon kolonel. Ya ce wuya ba takarda ba ne. Na saida ragunan uwargida na yi analiz da eko na koma, sai anka ce dosiye ya ɓata in sake wani, na sake, anka ce wanda ke sa hannu ya tahi misiyon. Yau an cire mini abin, kullum da sahe sai na haɗiye Levothyrox, ƙwayar da ka maye aikin abin da anka cire, kahin in sa komi a baki, har mutuwa, da aljihuna, ko dala ba a ƙara mini ba.

Ɗan Ader: Subhanallahi Baba Sarjan. To da ka sani da wane za ka hwara?

Sarjan Tsoho: Da ban shiga soja ba.

Bubakar Kabu-kabu: Hhhh Baba Sarjan yau ba sauƙi. Ni dai na san analiz ɗin TSH, gwajin jini na masu maƙoƙo, jika 8 na biya ma tsohuwata

Maman Nana: Jika 8 ina? Ni 15 anka amsa gare ni a Yamai, T4, wani gwajin jinin, dabam, eko dabam

Bubakar Kabu-kabu: To ke klinik masu sanyi kike zuwa, kuɗin klim ne kinka biya

Majo Rabi: Ku tsaya. Mai rama da zuhwa da bugun zuciya tiroyid nai, abin nan na wuya da ka kumbura ya zama maƙoƙo, aiki take hiye da kima, gishiri ba ya warkar da wannan Hajiya. Kuma ba a shiga da shi aiki sai an kwantar da ita da magani irin Néo-Mercazole, wannan kan ɗau makonni, cikinsu kuna iya bin takardu. Eko da analiz da rahoton aikin duk shaida ne ko an cire, ku yi fotokopi kada ku ba da na asali.

Sarjan Tsoho: Ɗiyata ke allura kinka sani. Ba a tambayar ko shina da ciwon, tambayar su yaushe ya hwara kuma wa ya rubuta. Wanda bai taɓa sa kaki ba ya bar mu.

Majo Rabi: Baba ni ma ɗiyar soja ce, kuma zuciyar mutum ba ta jiran sa hannu.

Ali Greensboro: Nan Amurka tun 2021 VA, hukumar tsohin soji, ta sa ƙarancin aikin tiroyid cikin ciwon da ake amsa ma waɗanda Agent Orange, maganin kashe itace da anka hwesa lokacin yaƙi, ya shahwa a Biyetnam, ba sai ka kawo shaidar shi ya jawo ba. In an ƙi ka kana da shekara guda ka nemi a sake dubawa.

Bubakar Kabu-kabu: To Ali aiko ma ajudan biza ya zo ya ce Difa unguwa ce a Biyetnam

Maman Nana: Kai Bubakar ka ji tsoron Allah ana zancen ciwo

Malam Isuhu: Abin ga ba yau ya hwara ba. Kakanmu anshan kombatan ne ya yi ma Faransa yaƙi, sunka daskarar da pansiyonsu tun 1959, kahin a daidaita na rauni a 2007 shina ƙasa.

Hajiya Ta Sabon Gari: Ku bar ta Faransa, ni tun rasuwar maigida nike bin kason marayu, kullum kawo takardar aure, kawo ta haihuwa, sunan uba harahi guda ya bambanta sai kotu

Maman Nana: Wallahi Hajiya mu ma Mahamadou da Mohamed ya tsaida mu

Ɗan Ader: Don Allah wa ya san ko akwai wa'adin maida dosiye? Ba a rubuta ba jikin takardar

Malam Isuhu: Hajiya wace kotu kinka je, nawa sunka amsa?