Musayar waƙa: Yohan Sitiraus da mahaifinsa, tausayi ne ko kishi?

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau za mu leƙa Biyana ta ƙasar Ostiriya, inda aka haifi Yohan Sitiraus ƙarami ranar 25 ga Oktoba 1825. Shi ne ake wa laƙabi da sarkin wals, kiɗan rawar nan mai bugu uku-uku da ake yi bibbiyu ana juyawa. Sunansu ɗaya da mahaifinsa. Ga buɗi:

Da sunan Allah zan fara,
Labarin yaro zan tsara,
Uba makaɗi ne ya shahara,
Ya hana ɗansa taɓa goge.

Aikin banki ya so wa ɗansa,
Ya yi akawu, ya bar fagensa,
Shi kuwa yaro cikin ransa,
Babu komai in ban da goge.

'Yar Kantin Kwari:
Yaya Mai Alƙalami, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

A ɓoye Firanz Amon ya koyar da shi,
Babban mai gogen uban ne ya ɗauke shi.
Ran da uban ya shigo ya tarar da shi,
Da goge a kafaɗa, bulala ya zuba mishi.
Uwarsa Ana, ita ce ta tsaya mishi,
Da miji ya bar gida, ita ta riƙe shi.
Ya tare gun wata mace, Emili, ya juya baya gare shi,
Uban da ya bar gida, ina bakin hana shi?

Baba Mai Goge:
'Yata, bi a sannu. Ni makaɗi ne, na san abin da tsohon ya hango.

Kar ki yi saurin yanke hukunci,
Kiɗa sana'a ce mai ƙunci,
Yau ka samu, gobe talauci,
Uban ya sha wuya tun yana ƙarami.

Uwarsa ta rasu yana ɗan bakwai,
Ubansa ya nutse a kogin Danub, kin ji dai,
Ɗinkin littafi ya koya kawai,
Kafin goge ya fid da shi daga rami.

Dukan dai ban goyi bayansa ba,
Barin gida ma ban yaba ba,
Amma tsoron bai zo a banza ba,
Wanda ya ɗanɗani yunwa ya san tsami.

Ɗan Damagaram:
Baba, girmanka ne, amma ina da ja. A tuna daren 15 ga Oktoba 1844, da yaron ya fara kiɗa gaban jama'a a gidan rawar Domaya da ke unguwar Hitsin, saura kwana 10 ya cika shekara 19.

In tausayi ne, Baba, gaya mini,
Don me ya bi gidajen rawa na birni,
Yana hana su ba ɗansa izini?
Wannan kishi ne, ba ya ɓoyuwa.

Domaya na Hitsin ya buɗe ƙofa,
Yaro ya ja goge, aka ɗaga ƙafa,
Taro ya miƙe yana ta tafa,
A maimaita, a maimaita, ba a watsewa.

Sannan ya kaɗa wani wals na ubansa,
A gaban taro ya girmama sunansa,
Uban ko ya janye da makaɗansa,
Gidan Domaya ya daina zuwa.

Mai Alƙalami:
Madalla da wannan, ɗan'uwa. Siyasa ma ta raba su a 1848:

Da birni ya yamutse ya rikice,
Uba ga sarauta ya amince,
Da takin Radeski ya ƙara fice,
Ɗa ya kaɗa taken Faransa, aka kama shi.

Takin Radeski kiɗan maci ne da uban ya tsara don girmama janar ɗin sarauta. Ɗan kuwa an sake shi, amma fada ba ta manta ba. Sai a 1863 ta ba shi muƙamin shugaban kiɗan rawar fada, wanda mahaifinsa ya taɓa riƙewa.

Baba Mai Goge:
Ɗana na Damagaram, batun kishi na sallama maka, akwai shi. Amma ka saurari ragowar. Uban ya rasu a 1849, yana da shekara 45.

Zazzaɓi ya ɗauke uba da ƙuruciya,
Ɗa ya haɗe makaɗa ƙungiya ɗaya,
Dare da rana yana ta tafiya,
Daga wannan zaure zuwa wancan.

A 1853 jiki ya gaza,
Aikin da ke kayar da maza,
Ƙaninsa Yosef aka matsa maza-maza,
Injiniya ne, ya bar aiki ya riƙe kiɗan.

Kun ga abin da tsohon ke tsoro ke nan, kuma ya faru a kan ɗan nasa.

'Yar Kantin Kwari:
Baba, ya faɗi, amma ai ya miƙe.

Ya huta ya warke, ƙarfi ya dawo mishi,
A 1856 ya je Rasha, da ta aiko a kira shi.
Kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauke shi,
A Pabulosk, kusa da birnin Pitasbag, ya ajiye shi.
Duk bazara jama'a na hawa jirgi don jin shi,
Shekara goma a jere ana gayyatar shi.

Yaya Mai Alƙalami, wa zai ɗauka daga 1867, shekarar da aka fara kaɗa wals ɗinsa na kogin Danub? Ɗan Damagaram, bismillah, fage naka ne.